Hedifon Yaya da Zarton Kafinta

Yayana bai taɓa sayen abu a ranar da ya buƙace shi ba. Tun muna yara ake kiransa Tukuna a gidanmu, saboda duk abin da aka tambaye shi amsarsa ke nan. Ka zaɓi takalmin? Tukuna. Wace makaranta za ka shiga? Tukuna. Mahaifiyarmu takan ce ko haihuwarsa sai da ya wuce lokacin da aka ɗibar mata, yana ciki yana nazari. Matarsa, wadda nake kira Anti, ita ce ta gaji da zaryarsa wata rana ta ce masa in auren zai yi ya yi, in kuma bincike yake yi ya je ya ƙarasa a wani wuri. Shi ya sa har gobe nake ganin girmanta.

Sana'arsa sauraro ce. Ya yi shekaru a wani gidan rediyo, a ɗakin da ake ajiye tsofaffin shirye-shirye, yana sauraren abin da aka naɗa yana buga shi a rubuce. Da aka rage ma'aikata sai ya dawo gida ya ci gaba da aikin da kansa. Lauyoyi da masu bincike da ƙungiyoyi suna aiko masa da muryoyin tarurruka da hirarraki, shi kuma ya mayar musu da su kalma bayan kalma. Ya iya aikin, wannan ban isa in rage masa ba. Mutum uku za su yi magana a tare, ɗaya na tari, ɗaya na motsa kujera, Yaya ya raba maka kowa da abin da ya faɗa.

A bene suke zaune, hawa na ɗaya. Ɗakin aikinsa ɗan ƙarami ne a ƙarshen baranda, tebur da kwamfuta da wani abin takawa a ƙasa da yake tsayar da murya ko ya mayar da ita baya da ƙafarsa. Sai tsohon hedifonsa, wanda ya taho da shi daga gidan rediyo. An naɗe wayarsa da salatif a wuri uku, soson kunnen ya ruɓe, duk sanda ya cire shi sai ka ga baƙin burbushi a kunnuwansa kamar wanda ya kwana a murhu.

Ana nan sai wani kafinta ya kama shagon da ke ƙasansu daidai. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, kullum girarsa cike da garin katako. Ya zo da zarto mai aiki da lantarki, da injin goge katako, da wani injin iska da ke gurnani tun safe har yamma. In ya sa katako a zarton nan, cokulan shayin Anti har rawa suke yi a cikin kofi.

Yaya ya sauka ya yi masa magana cikin ladabi. Kafinta ya dube shi ya ce da ƙarfi, “Na'am?” Yaya ya maimaita. Kafinta ya gyaɗa kai ya yi murmushi, ya ce, “Madalla, madalla,” ya juya ya kunna zartonsa. Yaya ya hau sama yana huci, ya ce bai taɓa ganin raini irin wannan ba, kuma daga ranar ya daina gaishe shi.

Ni ce na kawo maganar hedifon mai kashe hayaniya. Ina aiki a kantin magani, kuma wani abokin aikina yana da irinsa. Na yi wa Yaya bayani yadda aka yi mini: akwai 'yan ƙananan makirfo a jikinsa da ke jin ƙarar waje, sai ya fitar da wani sauti kishiyarta, su haɗu su kashe juna kafin su kai ga kunne. Na ce masa ya je ya sayi ɗaya gobe ya huta. Ya ce zai duba.

Da na san abin da “zan duba” zai jawo, da na ba shi auduga ya toshe kunne.

Bayan 'yan kwanaki ya kira ni ina tsakiyar aiki, mutane sun yi layi a gabana.

“Auta, kin san ba duka suke ɗaya ba?”

“Na sani, Yaya. Ka sayi mai kyau.”

“Ai nan gizo ke saƙa. Na tace su sun koma uku. Akwai baƙi, akwai mai ruwan toka, akwai mai naɗewa. Baƙin yana kaiwa daga huɗu har dubu arba'in. Mai ruwan tokan daga ashirin zuwa dubu ashirin kawai.”

“Dubu arba'in na me?”

“Haz. Ma'aunin sauti ne, daga mafi kauri zuwa mafi siriri. Kin ga baƙin ya ninka shi.”

“To ka sayi baƙin.”

“Amma lasifikar cikinsa ta fi ƙanƙanta. Milimita talatin ce, ta mai tokan arba'in. Kuma mai naɗewa ya fi su daɗewar caji.”

Na ce masa akwai wata mata a gabana da yaro mai zazzaɓi. Ya ce ba komai, zai kira anjima. Ya kuwa kira.

Haka muka shiga wannan hali. Da safe saƙo, da rana kira, in na kai musu ziyara kuma ba a maganar komai sai hedifon. Ya haddace lambobin nan kamar sunayen 'ya'yansa. Wannan yana rage hayaniya da desibel kaza, amma wani mai gwaji ya ce ƙarya ne. Wancan yana da makirfo takwas, wannan shida, amma wai ba yawansu ba ne, wurin da aka dasa su ne. Wani kuma in an haɗa shi ta bulutut, wato ta iska, yana matse sauti, sai an sa masa waya. Yana kallon bidiyon wani mutum da ke ɗora hedifon a kan wani kan roba yana aunawa, sai ya nemo wani mutumin da ya ƙaryata na farkon, sai ya zauna yana yi musu alƙalanci. Ya nuna mini wani zane mai layuka masu hawa da sauka, ya ce in dubi yadda mai tokan ya ɗan faɗa a tsakiya, daidai inda muryar ɗan Adam take.

Na ce, “Yaya, ni duk duwatsu nake gani.”

Ya ce, “Matsalarki ke nan, ba kya son ilimi.”

Sau biyu yana cewa ya yanke shawara. Na farko, ya sa takalmi zai fita sai ya ji wai kamfanin baƙin zai fito da sabo, ya cire takalmin. Na biyu, har ya kai bakin titi, ya tuna bai duba nauyinsu ba, shi kuma yini yake yi da abu a ka. Ya dawo ya sa Anti ta auna masa tsohon a ma'aunin kicin don ya san abin da wuyansa ya saba ɗauka.

Duk wannan lokacin zarto yana ta aikinsa. Yaya kuma, don ya rinjayi ƙarar, sai ya riƙa ƙure muryar tsohon hedifonsa har ana jiyo maganar mutane daga falo. Aikin da yake gamawa a yini ya koma yini biyu. Ya zama mai saurin fushi. 'Ya'yansa in sun dawo daga makaranta sai su riƙa tafiya a kan yatsu, wanda kuma abin dariya ne, don ko ganga suka buga ba za a ji su ba.

Sai kuskure ya fara shiga aikinsa. Wani lauya da ya daɗe yana ba shi aiki ya kira shi ya ce ya karanta abin da ya aiko, shafi bayan shafi wai ana zargin wani mutum da fata. Sata ce aka faɗa. A wani aikin kuma ya rubuta an sara ginin, alhali an fara ginin ne. Lauyan bai yi faɗa ba, dariya ma ya yi, amma aikin da ya biyo baya wani ya kai wa. Yaya ya ce kafinta ne ya jawo masa, kuma zai kai ƙararsa wurin mai gidan. Mai gidan ya ce shago shago ne, da rana ake aiki.

Ranar wata Asabar Anti ta kira ni. Ba ta ko tsaya gaisuwa sosai ba.

“Ki zo ki ɗauki yayanki ki kai shi kanti. In ya dawo gidan nan hannu wofi, ke za ki tafi da shi gidanki.”

“Anti, me ya faru kuma?”

“Jiya ina ba shi labarin rashin lafiyar ƙanwata, ya dube ni ya ce wai muryata tana wajen haz ɗari biyu. Ki zo kawai.”

Na je da motata. Ya fito da shirinsa, har da ƙyallen goge tabarau. Kantin yana hawa na biyu a wani babban ginin shaguna, ga hedifon an jera a bango kowanne a kan ƙugiyarsa. Mai kantin wata mata ce mai fara'a. Ta sauko masa da ukun nan, ta ce ya gwada son ransa. Ba ta san wanda ta gaya wa haka ba.

Yaya ya ciro wayarsa ya miƙo mini. Ashe ya naɗo ƙarar shagon kafinta.

“Ki tsaya a bayana ki kunna, ki ƙure murya.”

“A nan? Cikin mutane?”

“To a ina zan gwada? Kiɗa zan saurara a gida ko zarto?”

Na tsaya a tsakiyar kanti, mace da girmana, ina riƙe da waya tana kururuwar zarto. Wani mutum da ke duba caja ya ajiye ya fita. Mai gadi ya leƙo. Mai kantin ta ci gaba da murmushi, amma murmushin ya fara bushewa a fuskarta. Yaya ya sa baƙin, ya rufe ido, ya ɗaga hannu in matso, ya sake ɗagawa in ja baya. Ya cire ya sa mai tokan. Ya koma baƙin. Ya ce gurnanin injin iskan ya ɓace ɗif a duka biyun, amma ihun zarton yana nan, sai dai ya yi nisa kamar daga wani layin. Mai kantin ta ce haka suke, sun fi iya kashe ƙarar da ba ta canzawa. Ya ce ya sani, ya karanta.

Daga nan ya sa aka kunna masa muryar wata hira don ya ji tsabtar magana. Ya saurara, ya yamutsa fuska.

“Wannan ɓangaren hagunsa ya lalace. A dishe yake.”

Ta ba shi mai tokan. Ya ce shi ma haka. Ta ba shi mai naɗewa. Ya ajiye shi a kan tebur, ya ce mata cikin natsuwa yana ganin an kawo mata kaya marasa kyau, ya kamata ta yi wa masu kawo mata magana.

Na karɓa na sa a kaina. Hagu da dama duk tas suke, har numfashin mai maganar ina ji. Na ce masa ya juya hedifon, na dama ya koma hagu. Ya juya. Ya saurara ya daɗe. Na ga hannunsa ya tashi a hankali ya taɓa kunnensa na hagu.

“Har yanzu hagun ne,” ya ce.

Ba mu sayi komai ba ranar. Na ba mai kantin haƙuri, na sayi wata wayar caji da ba na buƙata don kunya. A mota na ce masa akwai likitar kunne da ke aiko mana da marasa lafiyarta, zan karɓar masa lokaci. Ya buɗe baki, na san abin da zai faɗa, na ce masa in ya ce sai ya bincika likitocin garin nan ɗaya bayan ɗaya, a nan zan sauke shi ya tafi da ƙafa.

Likitar ta sa shi a wani ɗan ɗaki kamar akurki mai kaurin bango, ta ɗora masa hedifon, ta ba shi maɓalli ya danna duk sanda ya ji ƙara. Ina kallonsa ta gilashi. Da farko yana dannawa da sauri, har da ɗan alfahari. Can sai na ga likitar tana murɗa abinta, shi kuwa yana zaune shiru yana jira, babu abin da ya iso masa.

Da ya fito ta nuna masa sakamakon. Layi ne shi ma mai hawa da sauka, kuma wannan karon ko ni na gane dutsen, don gangarowa ya yi kamar bakin rami. Ta ce siraran sautuka sun fara ɓace masa, musamman a hagu, kuma irin su ne ke bambanta “sa” da “fa” a magana. Ta tambaye shi shekara nawa ya yi da abu a kunne, da ƙarfin da yake sa shi. Ya faɗa mata. Ta ce ba abin mamaki ba ne.

Sai ya gyara zama ya ce, “Likita, to cikin hedifon ukun da nake dubawa, tsakanin mai kaiwa dubu arba'in da mai kaiwa dubu ashirin fa?”

Ta ɗauka wasa yake yi, ta dube ni, na kawar da kai. Ta ce masa yaro mai lafiyayyen kunne ma da wuya ya wuce dubu ashirin, shi kuwa nasa tun kafin dubu takwas ya fara sallama. Ta ce mai kashe hayaniyar zai amfane shi, don ba sai ya ƙure murya ba, kuma abin da ya fi buƙata ke nan yanzu. Cikin ukun ya ɗauki wanda bai matse masa kai ba, ya rage ƙara, ya riƙa hutawa, ya dawo a sake aunawa.

Muka kama hanya har muka kusa gida. Yana kallon waje ya ce, “Auta, ni fa da kunnen nan nake ci da iyalina.” Duk haushinsa da na tara sai ya sauka. Na ce masa likita ba ta ce ya daina aiki ba. Ya gyaɗa kai. Can ya ƙara da cewa, “Ashe fatar nan da na rubuta ba laifin kafinta ba ce.”

Na ɗauka washegari zai je ya saya. Bai je ba. Ya ce yanzu lissafin ya canza gaba ɗaya, dole ya nemo wanda ya fi ɗaga tsakiyar sauti, sai ya sake dubawa daga farko. Anti ta miƙe. Ta yafa mayafinta ta tafi kantin ita kaɗai, ta ce a ba ta ɗaya daga cikin waɗanda mijinta ya gwada. Mai kantin ta gane mijin da ake nufi nan take. Mai tokan ne a kusa da hannunta, shi ta miƙo. Anti ta kawo ta ajiye masa a kan tebur, ta ɗauke tsohon ta jefa a shara, ta zuba ragowar ganyen shayi a kai don kada ya yi tunanin cirowa.

Ya yi kwanaki yana ƙorafi. Baƙin ya fi kaurin sauti, mai naɗewa ya fi sauƙin ɗauka, an yi masa gaggawa. Yana faɗa yana sanye da shi. Aikinsa ya dawo daidai, sai dai duk inda “sa” ko “fa” ta shige masa duhu yakan kira babbar 'yarsa ta saurara masa. Sabuwar matsalar Anti ita ce in ya sa abin nan ko ta tsage maƙogwaro ba ya jin kira, har ta koma kashe masa fitilar ɗaki tana kunnawa in abinci ya sauka.

Na zaci an gama. Sai ga kiransa wata safiya.

“Auta, kin san kafintan nan ba raina ni ya yi ba? Ba ya ji ne. Na tsaya a bayansa na kira shi har na gaji, bai waiwayo ba. Shekara da shekaru yana kan zarto ba ko auduga a kunnensa.”

“Allah sarki. To sai ka gaya masa ya je asibiti.”

“Na gaya masa. Na ce ke za ki kai mu.”

Ban san lokacin da suka shirya ba. Anti ta ce Yaya ya sauka da allo da alli na yaran, suka yi ta rubuce-rubuce da nune-nune, har suka daidaita cewa kafinta zai yi yankansa da safe, bayan azahar ya koma haɗawa da shafa fenti. Tun daga nan kullum sai Yaya ya sauka shan shayi a shagon, su zauna a kan benci suna hira, duk layin na jin abin da suke faɗa.

Ranar zuwa asibitin na ɗauki hutun rabin yini. Kafinta ya sa wankakkun kaya, ya gaishe ni da “'yata” da muryar da ta sa na zabura. Su biyun suka shige baya, suka bar ni gaba kamar direban haya. Tun kafin mu fita layin Yaya ya fara yi masa bayanin akurkin da maɓallin.

“In ka ji ƙara sai ka danna.”

“In ji wa?”

“Ƙara. Sai ka danna.”

“Ai na ci abinci kafin in fito.”

Yaya ya ƙara murya, kafinta ya ƙara tasa don yana ganin haka ake yi. Suka koma gardamar hanya, ɗaya ya ce in bi ta kasuwa, ɗaya ya ce ta gada, kowanne yana taɓa kafaɗata. A danja wani mai babur ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, hira suke yi.

Na sauke su a ƙofar asibitin, na nuna wa Yaya hawan da za su bi, na ce zan nemi wurin ajiye mota. Akwai wuri a nan kusa, amma na wuce shi. Na tafi can ƙarshen filin, ƙarƙashin wata bishiya, na kashe injin, na ɗaga gilasai, na kwantar da kujera. Ban fi minti kaɗan da lumshe ido ba waya ta yi ƙara. Yaya ne, wai kafinta ya bar katin asibitinsa a aljihun rigar aiki, in koma shago in ɗauko.